Ian Fleming, wanda ya haifi James Bond ya bar shi a hannun wasu

Duk wanda ya taɓa shiga gidan sinima ya ji sunan James Bond, ɗan leƙen asirin nan na Ingila mai lamba 007. Amma kaɗan ne suka san mutumin da ya ƙago shi, wato Ian Fleming, balle su san cewa yawancin littattafan Bond da aka buga ba shi ya rubuta su ba.

An haifi Fleming a birnin Landan ran 28 ga Mayu 1908, cikin gidan arziki. Kakansa mai banki ne, ubansa Valentine kuwa ɗan majalisar dokoki, wanda aka kashe a fagen daga a Faransa cikin 1917, saura kwana takwas yaron ya cika shekara tara. Karatu bai karɓe shi ba. A lakwal ɗin Eton guje-guje da tsalle-tsalle ne kawai suka fito da sunansa, makarantar hafsoshi ta Sandhurst kuma ya bar ta ba galan a kafaɗa. Uwarsa ta tura shi Ostiriya da Jamus da Jeneba, ya koyi Jamusanci da Faransanci, ya komo ya nemi aikin jakadanci bai samu ba. Sai kamfanin dillancin labaru na Reuters ya ɗauke shi cikin 1931, har ya aike shi Mosko cikin 1933 don ya ɗauko labarin shari'ar wasu injiniyoyin Ingila da aka tuhuma da leƙen asiri. A wannan aiki ne ya koyi rubutu mai sauri, marar kwana-kwana.

Yaƙi ne ya yi masa rana. Cikin 1939 shugaban ofishin asiri na sojan ruwa, John Godfrey, ya ɗauke shi mataimaki, ya kai muƙamin kwamanda. Aikinsa na tebur ne: shirya dabaru, karanta rahotanni, da kafa wata ƙungiyar soja cikin 1942 mai bin sahun mayaƙa tana kwashe takardun asirin abokan gaba. Wasu ya riƙa turawa bakin wuta, shi yana ofis, kuma wanda ya san haka ba zai yi mamakin irin jarumin da ya ƙago daga baya ba.

Da yaƙi ya ƙare ya koma aikin jarida, bisa sharaɗin a ba shi dogon hutu kowane lokacin sanyi. Ya gina gida a bakin teku a tsibirin Jamaika, ya sa masa suna Goldeneye. Can ne cikin Fabrairu 1952, ana gab da ɗaura masa aure da Ann Charteris, ya zauna gaban tafireta ya fara Casino Royale, wanda ya fito cikin Afrilu 1953. Sunan jarumin ma aro ya yi daga wani Ba'amurke masanin tsuntsaye, don yana son suna marar armashi. Daga nan kowace shekara littafi guda, kalma kamar 2.000 a yini. Ya ɗora wa Bond muƙaminsa da halayensa, har da son caca da giya da taba. Masana adabi suka yi masa ca, suna cewa babu kome ciki sai kisa da mata da fankama, kuma yadda ya siffanta baƙar fata cikin Live and Let Die abin takaici ne. Duk da haka kasuwa ta buɗe, musamman bayan 1961 da aka ji shugaba Kennedy na Amurka yana cikin masu karanta shi, da 1962 da aka nuna Dr. No a sinima.

Bai daɗe yana cin moriyar ba. Taba da giya sun riga sun gama da zuciyarsa, shari'ar da aka yi da shi cikin 1963 kan labarin Thunderball ta ƙara kwantar da shi. Ya mutu a Canterbury ran 12 ga Agusta 1964 yana da shekara 56, ranar da ɗansa Caspar ya cika shekara 12. Ya bar dogayen labarun Bond 12 da tarin gajeru guda 2.

Kamfanin da ke riƙe da haƙƙin littattafan bai yarda a binne Bond da ubansa ba. Kingsley Amis ya fara cin gadon cikin 1968 da Colonel Sun, matar marigayin ba ta so ba. John Gardner ya karɓa daga 1981 zuwa 1996, ya rubuta 14, wato ya fi mai abin, ya kawo Bond cikin zamaninsa ya ba shi mota Saab. Raymond Benson, Ba'amurke, ya biyo da 6. Tun 2008 kuma manyan marubuta ake gayyata ɗaya bayan ɗaya: Sebastian Faulks, Jeffery Deaver, William Boyd, Anthony Horowitz. Shi Boyd, haifaffen Akara ta Gana, ya kai Bond wata ƙagaggiyar ƙasa ta Afirka ta Yamma cikin 1969, wadda kowa ya gane yaƙin Biyafara ake nufi.

Nan masu karatu suka rabu. Wasu na ganin duk abin da ba Fleming ya rubuta ba jabu ne. Wasu sun yarda da magada, muddin aka bar Bond cikin shekarun yaƙin cacar baka inda aka haife shi, shi ya sa suka fi yabon Amis da Horowitz, wanda har an ba shi wasu takardun Fleming da ba a taɓa bugawa ba ya yi aiki da su. Kashi na uku kuwa sun girma da littattafan Gardner, ba sa ganin laifin jarumin da ba ya tsufa. A ganinmu kashi na biyu sun fi kusa da gaskiya, ko da yake su ma an rage musu wani abu. Bond na littattafan ƙarshe mutum ne gajiyayye, mai baƙin ciki, jikinsa ya fara ƙin sa, domin haka mai rubuta shi yake a lokacin, kuma wannan ba ya cikin abin da kamfani ke iya miƙa wa magaji.

Cikin 2023 kamfanin ya sake buga littattafan Fleming bayan ya goge wasu kalmomin wariyar launin fata, gardama ta sake tashi. Haƙƙin mallakarsu a Ingila zai ƙare a ƙarshen 2034, shekara 70 bayan mutuwarsa.