Alfred Wegener, Mai Cewa Nahiyoyi Suna Tafiya

An haifi Alfred Wegener a birnin Balin na ƙasar Jamus cikin shekarar 1880. Masanin yanayi ne, ya sha zuwa Girinlan, tsibirin ƙanƙara, don binciken iska.

Da ya dubi taswirar duniya, sai ya lura gaɓar Amurka ta Kudu ta dace da ta yammacin Afirka, kamar ƙwaryar da ta tsage biyu. Ga shi kuwa an tono ƙasusuwan wata dabba iri ɗaya a Barazil da kudancin Afirka, alhali ba ta iya ƙetare teku. Saboda haka a 1912 ya bayyana cewa nahiyoyi duk a haɗe suke a zamanin da, daga baya suka rabu.

Yawancin masana suka ƙi yarda, domin bai gano abin da ke tura su ba. Bai karaya ba har ya rasu a Girinlan cikin 1930.

Bayan shekara 30 da 'yan kai, binciken ƙarƙashin teku ya gaskata shi. Ashe ɓawon duniya manyan fale-falen dutse ne, suna gusawa sannu-sannu kamar tsiron farce. Gaskiya dokin ƙarfe!