Marigayi Alhaji Abubakar Imam: Malamin Makarantar Da Ya Zama Uban Marubuta Hausa

Mu da muke kasuwanci a Titin Koudoukou da ke unguwar Kilomita Biyar a Bangui, mun san yadda yaranmu ke yin Sango a kasuwa, Faransanci a makaranta, Hausa kuma sai in an koma gida. Akwai matasa cikinmu masu rubuta labarai a littafin awo na shago, suna tunanin ko wata rana za a buga su. Saboda su ne yau muka waiwayi rayuwar marigayi Alhaji Abubakar Imam.

An haife shi a garin Kagara a shekarar 1911. Bayan karatun allo, ya shiga Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina, daga nan ya fara koyarwa a Midil ta Katsina. A 1933 ne Dokta Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya sanya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. A lokacin, malamai da dama suna ganin ƙaga labari wasan yara ne, rubutu na gaske kuwa sai da Larabci. Imam, yana ɗan shekara 22, ya zauna ya rubuta Ruwan Bagaja, aka buga shi a 1934. A wannan gasar ce yayansa, Malam Bello Kagara, ya fito da Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma da Shaihu Umar.

Ganin hazaƙarsa, aka kira shi Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce mai juzu'i uku. Ya ɗauko wasu labaran daga littattafan Larabawa da na Turawa, ya sa musu rigar Hausa, har mai karatu ya ɗauka a Kano ko Katsina suka faru.

A watan Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa na farko. A lokacin ana sayar da ita kwabo ɗaya. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Mu iyaye, idan muka ga yaro yana rubutu da Hausa a bakin shago, mu saya masa littafi da biro, mu kuma zauna mu saurari abin da ya rubuta.