Barmani Coge, Matar da Ta Ci Abinci da Ƙwarya

Da shugabanninmu suka ce kowacce ta kawo abin da za a sa a takardar cikar shekarar ƙungiya, na ce ni dai tarihin Hajiya Barmani Coge zan kawo, Allah Ya jiƙanta da rahama.

Sunanta na yanka Sa'adatu. A ƙasar Funtuwa aka haife ta, cikin jihar Katsina ta yanzu, garin auduga da manyan motoci, inda Alhaji Mamman Shata ma ya zauna. An yi mata aure da ƙuruciya kamar yadda ake yi a wancan zamani, ta haihu har goma sha biyu. Duk wadda ta yi goyo biyu a jere ta san abin da wannan lissafi yake nufi. Da goyon, da girkin, da hidimar miji ta riƙe kiɗan amada, daga wajajen farkon shekarun 1970 har ƙarfinta ya ƙare.

Yaran yanzu ba su san amada ba sai a waya. Kiɗa ne na mata, na cikin gida, na biki da suna. Kayan aikinsa kuwa duk a madafa suke. A sami babban masaki a zuba ruwa, a kife ƙwarya a kan ruwan tana yawo, a riƙa dukanta da 'yan sanduna, sai ki ji murya mai kauri tana fitowa kamar daga cikin rijiya. Sauran ƙoren a kife su a ƙasa, manya da ƙanana, kowacce da irin amonta. Ba wasa ba ne fa. Idan ƙwarya ta tsage ko iskar da ke ƙarƙashinta ta ragu, amon ya canja, idan hannu ɗaya ya makara kuma duk kiɗan ya watse. Ita tana gaba tana bayar da waƙa, 'yan amshinta suna karɓa, makaɗan suna bin numfashinta.

Ba ita ta ƙirƙiro amada ba. Mu nan Kano muna da tamu, Hajiya Uwaliya Mai Amada, wadda ta riga ta suna, iyayenmu na cikin birni har gobe suna zancenta. Abin da Barmani ta yi shi ne ta fito da kiɗan daga tsakar gida ta kai shi rediyo da talabijin da kaset, har ya zama direban mota da mai shayi, waɗanda ba a barinsu su leƙa wajen bikin mata, sun haddace waƙoƙinta.

Kuma ta ɗauke shi sana'a sosai. Tana da jama'ar da ke ci a ƙarƙashinta, ana ɗaukar ta daga gari zuwa gari, abin da aka samu na liƙi a raba, a fitar da kuɗin mota, a sauya ƙwaryar da ta fashe. Mu da muke kasa kaya mun san wannan lissafin, uwa daban, riba daban. Shi ya sa waƙarta ta kama sana'a ta shiga mata. Ba daga ofis ta zo tana yi mana wa'azi ba, ita ma nema take. Ta zuga macen da ke zaune tana jiran a ba ta kuɗin sabulu, ta ce ta tashi ko ƙuli-ƙuli ne ta soya, ko kitso, ko saƙa. Tun ba a fara tara mu a taron bita ana ce mana mu dogara da kanmu ba, ita ta riga ta faɗa da ƙwarya, kuma mata suka ji suna rawa.

Gaskiya bakinta ba shi da linzami. Ta yi wa kishiya waƙa, ta yi wa haihuwa, ta yi wa surar jikin mace, akwai ma waɗanda ni ba zan kunna a gaban surukata ba. Mutane da yawa sun ce batsa ce. Ni a ganina zancen da mata ke yi ne idan an rufe ƙofa, ita dai ta sa masa kiɗa. Ta kishiyar ce kawai nake ganin ta ƙara wa wuta fetur a wasu gidajen. Duk da haka malaman jami'a sun zauna sun yi nazarinta, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu a kanta.

Da finafinan Hausa suka yi ƙarfi, sai fiyano ya shigo. Yaro ɗaya da na'ura ɗaya ya yi aikin makaɗa biyar, iyayen biki kuma suka ga sauƙi, amarya ma shi take so. Kasuwar makaɗan gargajiya ta ja baya ƙwarai. Barmani ba ta saki ƙwaryarta ta koma fiyano ba, da ita aka ci gaba da kiranta har tsufa ya zo, ciwo ya kwantar da ita. Ta rasu a watan Maris na 2013. Allah Ya gafarta mata, Ya kai haske kabarinta.