Marc Chagall: Bayahuden Da Ya Ƙawata Tagogin Majami'u

A birnin Mainz na ƙasar Jamus akwai wata tsohuwar majami'ar Katolika mai ɗauke da sunan Istifanas mai shahada. Duk wanda ya shiga cikinta da rana, shuɗin haske ne ke fara tarbarsa, yana kwararowa daga dogayen tagogin gilashi masu launi inda aka zana Adamu da Hauwa'u, da Ibrahim, da Musa, da Sarki Dauda. Wanda ya zana su Bayahude ne mai suna Marc Chagall. Sojojin Jamus ne suka hallaka Yahudawan garinsu, kuma yana da shekara 91 sa'ad da aka kafa taga ta fari. Hanyar da ta kawo shi ga wannan aiki doguwa ce, ta ratsa yaƙin duniya biyu, da gudun hijira, da kabarin matar da ya ƙaunata.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haife shi a watan Yuli na 1887 a yankin Vitebsk, cikin daular Rasha ta wancan zamani, wurin da yake ƙasar Belarus a yau. Sunan da iyayensa suka raɗa masa Moishe Shagal ne, shi ne kuwa ɗan fari cikin 'ya'ya tara. Mahaifinsa lebura ne a wurin wani mai fataucin kifi, yana dakon manyan ganguna na kifi mai gishiri, mahaifiyarsa kuma tana da ɗan kanti. Gidan masu ibada ne. Yaron ya fara karatu a makarantar addini ta Yahudawa, inda ya koyi Ibrananci da labaran Attaura da na annabawa.

A lokacin dokar sarkin Rasha ta killace Yahudawa a yammacin daular, ba su da izinin zama a manyan birane sai da takarda ta musamman. Bayan Chagall ya ɗan koyi zane a hannun wani malami mai suna Yehuda Pen a 1906, sai ya tafi birnin St. Petersburg neman ƙarin ilimi. A can ya sha yunwa, har aka taɓa tsare shi na ɗan lokaci saboda rashin takardar zama. Amma Vitebsk ba ta fita daga idonsa ba. Gidajenta na katako, da awaki, da shanu, da mai goge da ke kaɗa wa mutane a biki da makoki, su ne suka cika zane-zanensa har ƙarshen ransa.

Bella

A 1909 ya haɗu da Bella Rosenfeld, 'yar wasu attajiran Vitebsk masu sayar da kayan zinariya, wadda ta yi karatu mai zurfi a Mosko. Iyayenta ba su ga abin so a wurin ɗan mai dakon kifi ba, wanda ba shi da sana'a sai shafa launi. Ita kuwa ta riga ta ba shi zuciyarta. A 1911 ya tafi Paris ya zauna a wani gidan haya na matalautan masu zane. A can ya koyi sabon salon da ba ya tilasta wa mai zane ya kwaikwayi abu kamar yadda ido ke ganinsa. Daga nan ya sami 'yancin zana fuska koriya, da gida a kife, da mace tana tatsar saniya a cikin kuncin wata dabba, kamar yadda ya yi a zanensa mai suna Ni da Ƙauye.

A tsakiyar 1914, bayan ya baje kolin ayyukansa a Berlin, ya koma gida da niyyar yin wata uku. Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aka rufe iyakoki, ziyarar wata uku ta zama zaman shekara takwas. Da baƙar tawada ya riƙa zana sojoji masu rauni da matan da ke ban kwana da mazansu. A cikin wannan hali aka ɗaura aurensa da Bella a watan Yuli na 1915, suka haifi 'yarsu Ida a 1916. Zane-zanen da ya yi wa matarsa a waɗannan shekaru su ne suka fi shahara. A ɗaya, ta shigo ɗaki riƙe da furanni, shi kuwa ƙafafunsa sun bar ƙasa, ya lanƙwasa wuya domin ya sumbace ta. A wani, su biyu suna shawagi bisa rufin gidajen Vitebsk. Ƙasa tana cin wuta, shi kuwa ya ɗauke abin ƙaunarsa ya ajiye a sararin sama, inda harsashi ba ya kaiwa.

Juyin juya halin 1917 ya ba Yahudawan Rasha 'yancin zama cikakkun 'yan ƙasa, kuma a 1918 sabuwar gwamnati ta naɗa Chagall shugaban harkokin zane na Vitebsk. Ya kafa makarantar koyon zane, amma saɓani da wani malami, Kazimir Malevich, ya sa ya bar ta a 1920. Daga baya ya koyar a Malakhovka kusa da Mosko, a gidan marayun Yahudawa waɗanda aka kashe iyayensu a tarzomar yaƙin basasa. A 1922 ya bar Rasha. Da ya isa Berlin ya tarar an sayar da zane-zanen da ya bari a can, kuɗin kuwa hauhawar farashi ta mai da su takardar banza. A 1923 iyalin suka zauna a Paris.

Littafi Mai Tsarki da Gicciye

Wani mai buga littattafai, Ambroise Vollard, ya ba shi aikin zana labaran Tsohon Alkawari. Domin wannan ya ziyarci Falasɗinu a 1931 don ya ga ƙasar annabawa da idonsa. Aikin ya kai zane 105, ba a kuwa buga shi ba sai 1956. Annabawansa ba jarumai ba ne masu ƙirar ƙarfi. Tsofaffi ne masu gemu, masu gajiya, kamar dattawan da ya saba gani a majami'ar Yahudawa ta Vitebsk.

Ana cikin haka tsanani ya taso wa Yahudawa a Jamus. A 1937 'yan Nazi suka kwashe ayyukansa daga gidajen ajiye zane-zane na ƙasar, suka baje waɗansu a Munich domin a yi musu ba'a. A daren 9 ga Nuwamba 1938 aka ƙone ɗaruruwan majami'un Yahudawa. A wannan shekara Chagall ya zana Farin Gicciye, wanda yake ajiye a Chicago. Yesu yana rataye a tsakiya, an ɗaura masa mayafin addu'a na Yahudawa a ƙugu. Kewaye da shi majami'a tana ci da wuta, gidaje sun kife, jirgin ruwa cike da 'yan gudun hijira, uwa ta rungume jariri, wani mutum yana gudu da naɗaɗɗen littafin Attaura. A gindin gicciyen alkuki yana ci.

Chagall bai taɓa barin addinin iyayensa ba. Yesun da ya zana ɗan Isra'ila ne mai shan azaba tare da danginsa. Zanen ya ɓata wa waɗansu Yahudawa rai, domin a sunan gicciye aka sha zubar da jinin kakanninsu. Ya kuma tsaya wa Kiristocin Turai a maƙogwaro, gama ya tuna musu cewa mutanen da ake farauta a titunansu 'yan'uwan wanda suke yi wa sujada ne bisa ga jiki.

Hijira da Makoki

Jamus ta ci Faransa a 1940, amma Chagall ya yi jinkirin gudu, yana zaton takardar zama ɗan Faransa da ya samu a 1937 za ta kāre shi. A watan Afrilu na 1941 'yan sanda suka kama shi a Marseille tare da waɗansu Yahudawa. Wani Ba'amurke mai suna Varian Fry, wanda ya taimaki masu zane da marubuta da yawa su tsere, shi ya sa aka sake shi. Shi da Bella suka bi ta Sifen da Fotugal, suka sauka a New York ranar 23 ga Yuni 1941, kwana ɗaya bayan Jamus ta auka wa Tarayyar Sobiyet. Kafin shekarar ta ƙare an karkashe Yahudawan da suka rage a Vitebsk, kafin yaƙin ya ƙare kuma garin ya zama kufai.

An 'yantar da Paris a watan Agusta na 1944, suna ta murnar komawa gida. Sai ciwon maƙogwaro ya kama Bella, a lokacin da maganin fanisilin yake wuyar samu domin an keɓe shi ga sojoji. Ta rasu ranar 2 ga Satumba 1944. Chagall ya juya zane-zanensa suka fuskanci bango, ya yi kusan wata tara bai taɓa burushi ba. Da ya koma aiki a 1945, wani tsohon zanensa ya ɗauko ya yanka biyu. A rabi ɗaya ya zana Bella tana kuka, da Vitebsk cikin wani kewayen haske, da shi kansa da kai a kife. A ɗaya rabin ya zana bikin aure. Daga baya ya zauna shekara bakwai da wata Ba'ingilishiya, Virginia Haggard, suka haifi ɗa a 1946, kuma a 1952 ya auri Valentina Brodsky. Duk da haka amaryar nan mai farar riga ba ta daina bayyana a zane-zanensa ba.

Tagogin Haske

Ya koma Faransa a 1948. Yana kusan shekara 70 ya shiga aikin gilashi mai launi, tare da wani gwani na birnin Reims, Charles Marq. Ya yi tagogi 12 na kabilun Isra'ila a majami'ar Yahudawa ta asibitin Hadassah a Urushalima a 1962, da tagar salama ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1964, da tagogin manyan majami'un Metz, Zurich da Reims. A 1973 aka buɗe masa gidan zane a Nice, inda aka rataye manyan zane 17: goma sha biyu daga Farawa da Fitowa, biyar daga Waƙar Waƙoƙi. A wannan shekara ya ziyarci Mosko bayan shekara 51 da barin Rasha, amma bai taka Vitebsk ba.

A 1973 ɗin ne kuma Klaus Mayer, limamin majami'ar Istifanas ta Mainz, ya rubuta masa wasiƙa. Mahaifin Mayer Bayahude ne, shi ma ya ɗanɗani tsananin 'yan Nazi, majami'arsa kuwa bama-baman yaƙi sun ragargaza ta. Ya roƙi tsohon ya yi taga wadda za ta zama alamar sulhu tsakanin Jamus da Faransa, da tsakanin Kirista da Yahudawa. Chagall ya daɗe bai amsa ba. A ƙarshe ya yarda, aka kafa taga ta fari a 1978, ya ci gaba har suka kai tara. Ita kaɗai ce majami'a a Jamus da ya yi wa wannan aiki.

Ya rasu ranar 28 ga Maris 1985 a Saint-Paul-de-Vence, kudancin Faransa, yana da shekara 97. Bai taɓa zuwa Mainz ya ga tagogin a wurinsu ba. Charles Marq ne ya ƙarasa sauran tagogin majami'ar da shuɗi iri ɗaya, kuma a ƙarƙashin wannan haske jikokin waɗanda suka yi yaƙin suke taruwa yin sujada.