George Still, likitan da ya ƙirga gaɓoɓin yara

Shekara biyu da suka wuce akwai wata yarinya a ajina, uwarta na sayar da tumatur a kasuwar Race Course. Kullum da safe ba ta iya riƙe fensir, sai rana ta ɗaga yatsunta su saki. Na ɗauka lalaci ne, har na sha tsawata mata, Allah ya yafe mini. A gida an ce sanyi ne, wasu suka ce sikila. Sai da aka kai ta asibitin Komfo Anokye aka gane amosanin gaɓɓai ne irin na yara. A nan na fara jin sunan George Frederic Still.

An haife shi a Landan ranar 27 ga Fabrairu, 1868. Mahaifinsa ma'aikacin kwastan ne, ya rasu Still na saurayi, gida ya shiga matsi. Duk da haka ya kai jami'ar Kambirij, inda ya yi fice a harsunan Girka da Latin, masu tarihinsa kuma sun ce har Larabci yana karantawa. Daga nan ya koyi likitanci a asibitin Guy's, ya gama a 1893, ya kama aiki a asibitin yara na Great Ormond Street.

A wancan zamani, in an ga yaro da kumburin gwiwa sai a ce ai ciwon tsofaffi ne ya zo masa da wuri. Still bai tsaya nan ba. Ya bi labarin yara 22 ɗaya bayan ɗaya: wace gaɓa ce ta fara, yaushe zazzaɓi ke tashi, yaushe yake sauka, ko saifa ta kumbura, ko kaluluwa ta fito, ko yaron na girma ko ya tsaya. A 1897 ya buga abin da ya gano, ya nuna ciwon yara daban ne da na manya, kuma shi ma ba iri ɗaya ba ne. Har yau nau'in da ke zuwa da zazzaɓi sunansa yake ɗauke da shi.

Abin da ya fi kama ni, ba shi da maganin da zai ba su. Ido gare shi, da hannu, da littafin rubutu. Amma da bai rubuta ba, da na bayansa ba su san abin da suke nema wa magani ba.

A 1902 ya yi laccoci kan yaran da ba sa iya natsuwa, abin da mu malamai muke fama da shi kullum. A 1906 ya zama farfesan cututtukan yara na farko a Ingila, a asibitin King's College. Shi ne shugaban farko na ƙungiyar likitocin yara ta Birtaniya a 1928, ya kuma duba Elizabeth tana ƙarama, kafin ta zama sarauniya. Bai taɓa aure ba. Ya rasu a Salisbury ranar 28 ga Yuni, 1941.

Yau likitoci suna kiran ciwon amosanin gaɓɓai na yara idan ya fara kafin shekara 16 kuma kumburin ya kai mako 6. Akwai magunguna irin su methotrexate da ke kwantar da shi. Kyawun kulawa ma awonsa ake yi: kwana nawa yaro ya yi kafin ya ga likitan da ya dace, gaɓoɓi nawa ne suka kumbura a kowace zuwa, me yaron da iyayensa suka ce game da zafin, an duba idonsa ko ba a duba ba. Maganar ido ba wasa ba ce, don ciwon kan taɓa ido a ɓoye har ya lalata gani.

Mu a Zongo, awon farko ne ke kayar da mu, wato jinkiri. A shafa man zafi, a je wurin mai ɗori, a jira damina ta wuce. Gwajin jini na raba sikila da wannan ciwo, addu'a kuma ba ta hana zuwa asibiti. Gaɓar da ta daɗe a kumbure tana iya ƙagewa, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Tun daga lokacin na ajiye ɗan littafi kusa da rajista. Yaron da ya zo yana ɗingishi da safe, ko ya kasa zaman tahiya a masallaci, sai in rubuta rana da gaɓar. In abin ya ƙi wucewa, in kira uwar in ba ta takardar ta kai wa likita. Malaman makarantar allo da iyaye ma za su iya yin haka. Yarinyar nan tana shan maganinta, yanzu ita ke rubuta mini kwanan wata a allo. Allah ya ba yaranmu lafiya, amin.