Alhassan Ɗantata: Attajirin Da Bai Tara Jarinsa Wuri Ɗaya Ba

Matasanmu na nan Edmonton da ke sayen hannun jari ta wayar salula, da yawansu kamfani ɗaya suke zuba wa duk abin da suka tara. Ya kamata su san tarihin marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata.

An haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa, mutanen fatauci. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa kuma ta koma Ankara ta ƙasar Gana da zama. Da goro ya fara, ta hanyar Gwanja, daga baya ya riƙa ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Ikko.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano, kasuwar gyaɗa ta buɗe. A 1918 ya zama mai saya wa kamfanin Neja gyaɗa, yana raba wa yaransa jari su shiga ƙauyuka. Abin da ya fi burge ni shi ne, duk ribar gyaɗa ba ta sa ya saki goro ba. Ya haɗa da shanu, tufafi da duwatsun ado. In wannan kasuwa ta faɗi, waccan ta riƙe shi.

Bai kuma ji tsoron sabon abu ba. Da aka buɗe bankin Turawa a Kano a 1929, kuɗin azurfa ya kai ajiya, kayan raƙuma 20.

Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, bayan ya yi wa 'ya'yansa wasiyya kada su wargaza kasuwancin. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Allah Ya jiƙansa.