John Snow, likitan da ya zana taswirar kwalara

An haifi John Snow a birnin York na ƙasar Ingila ranar 15 ga Maris, 1813. Mahaifinsa lebura ne. Ya yi suna wajen sa majinyata barci kafin tiyata, har ya taimaka wa Sarauniya Victoria a haihuwarta ta 1853.

A ƙarshen watan Agustan 1854 cutar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho da ke Landan, ta hallaka fiye da mutum 500 cikin kwana goma. Manyan likitocin zamanin sun ɗora alhakin kan gurɓatacciyar iska. Shi kuwa Snow sai ya shiga bin gidajen makoki, yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa. Galibin amsoshin suka nuna famfon titin Broad, famfon tuƙa-tuƙa, ɗan'uwan waɗanda ake jera wa jarkoki a Kankiya da Kusada. Ya shawo kan hukumar unguwar, aka cire masa hannu ranar 8 ga Satumba.

Daga baya ne ya fito da taswirarsa. Kowane mamaci ya ba shi ɗan baƙin layi a daidai gidansa. Layukan suka yi cincirindo kewaye da famfon, suna raguwa yayin da ake nisa da shi. Ko wanda bai san lissafi ba, ido ya ishe shi. Duk da haka mahukunta ba su gamsu ba, har aka mayar da hannun famfon.

Snow ya rasu ranar 16 ga Yuni, 1858, yana da shekara 45. Sai a 1884 Robert Koch ya tabbatar da ƙwayar cutar.